Fahimtar Karatu: Yadda Ake Aza Tubalinta Tun Kafin Yaro Ya Shiga Firamare

Fahimtar karatu ita ce mutum ya ɗauki ma'anar abin da aka rubuta, ya riƙe ta, ya haɗa ta da abin da ya riga ya sani, har ya iya amsa tambaya a kanta ko ya yi aiki da ita. Iyaye da dama suna ɗaukar wannan a matsayin aikin malaman firamare, wanda zai zo bayan yaro ya gama sanin haruffa. Binciken masana na fiye da shekara arba'in ya nuna cewa ana aza tubalin fahimta ne tsakanin haihuwa da shekara biyar zuwa shida, a lokacin da yaro bai iya karanta ko kalma ɗaya ba. Kayan ginin kuwa su ne magana, sauraro, labari da tambaya.

Batun yana da nauyi. A 2019 Bankin Duniya da Cibiyar Ƙididdiga ta UNESCO sun fito da wani ma'auni da suka kira talaucin koyo, wato yawan yaran da suka kai shekara 10 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi ba. A lokacin, adadin ya kai kashi 53 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki. Rahoton 2022, bayan annobar korona, ya ƙiyasta cewa ya hau zuwa kashi 70, a Afirka kudu da Sahara kuwa kashi 89. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna zuwa makaranta kullum, wasunsu ma ana biya musu kuɗi mai tsoka.

Haɗa baƙi daban, fahimta daban

A 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka bayyana karatu a matsayin haɗuwar abu biyu. Na farko shi ne haɗa baƙi, wato yaro ya ga haruffa ya mayar da su sauti. Na biyu shi ne fahimtar harshe, wato ya gane maganar idan ya ji ta da kunnensa. Sun kwatanta alaƙar biyun da lissafin sau: idan ɗaya ya zama sifili, sakamakon duka sifili ne. Yaron da ya ƙware a haɗa baƙi amma bai san ma'anar kalmomin ba, zai karanta shafi guda da murya mai daɗi, a tambaye shi abin da ya karanta ya yi shiru.

Wannan bambanci ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna a makarantar allo. Ɗalibi yana fara babbaƙu, ya shiga farfaru, har ya kai ga karanta Alƙur'ani daidai, amma sanin ma'ana wani mataki ne da yake zuwa daga baya ta hanyar koyon Larabci da tafsiri. Malamai sun san da haka, kuma tsarin ya tanadi kowane mataki a lokacinsa. Matsalar boko ita ce sau da yawa ana tsayawa a matakin farko, a ɗauka an gama.

Haɗa baƙi abu ne da malami nagari zai iya koyar da shi cikin shekara ɗaya ko biyu. Fahimtar harshe kuwa tana taruwa ne sannu a hankali, kamar asusu, tun daga goyo. Raunin ta ba ya bayyana da wuri. Marigayiya Jeanne Chall ta Jami'ar Harvard ta lura cewa yara da yawa suna tafiya daidai har aji uku, sai su fara ja da baya a aji huɗu, lokacin da littattafai suka cika da kalmomin da ba a amfani da su a hirar yau da kullum, kuma aka daina koyon karatu aka koma neman ilimi ta hanyar karatu. Wani masani, Keith Stanovich, ya nuna a 1986 cewa tazarar tana ƙara faɗi da kanta: mai fahimta yana jin daɗin karatu, ya ƙara karantawa, ya ƙara kalmomi, marar fahimta yana gudun littafi, ya tsaya inda yake.

Abin da rubutun Hausa yake nema daga mai karatu

Rubutun boko na Hausa yana da sauƙi ta wani ɓangare. Wasula biyar ne, gaɓoɓin kalma ba su da sarƙaƙiya, kuma galibi kowane harafi sautinsa ɗaya ne a duk inda ya fito. Yaron da ya san “ba, bi, bu” da “ka, ki, ku” zai iya haɗa kalmomi masu yawa nan da nan, saɓanin Ingilishi inda harafi ɗaya kan ɗauki sauti iri-iri.

Sai dai rubutun namu ba ya nuna karin sauti, kuma ba ya nuna tsawon wasali. Kalmar “gari” tana iya zama wurin zama, tana iya zama abin da ake tuƙa tuwo da shi. “Kuka” tana iya zama hawaye, tana iya zama bishiya ko miya. “Fari” yana iya zama launi, yana iya zama rashin ruwan sama. Babu abin da zai gaya wa mai karatu yadda zai furta irin waɗannan kalmomi sai ma'anar jimlar da suke ciki. Ashe ke nan a Hausa, ko furta kalma daidai yana jingine ne da fahimta. Yaron da kunnensa ya ƙoshi da harshe zai wuce irin waɗannan wurare ba tare da ya lura ba, wanda bai ƙoshi ba kuwa zai yi ta tuntuɓe.

Ginshiƙan fahimta guda shida

Na farko, yawan kalmomi. Yaro ba zai gane labarin da bai san kalmominsa ba. Ana nufin sanin suna da aiki da siffa, da kuma bambancin kalmomi masu kama da juna, kamar tafiya, gudu, sanɗa da rarrafe.

Na biyu, sanin duniya. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie suka ba wasu ɗalibai a Amurka labarin wasan ƙwallon besbol su karanta. Ɗaliban da ke da rauni a karatu amma suka san wasan, sun fi fahimtar labarin a kan gwanayen karatu da ba su san wasan ba. Yaron da ya taɓa ganin rijiya, ko jirgin ƙasa, ko yadda ake sussukar gero, yana da abin da zai rataya labari a kai idan ya gamu da su a littafi.

Na uku, sanin tsarin labari: akwai farko, akwai matsala, akwai ƙoƙarin warware ta, akwai ƙarshe. Wanda ya saba da wannan tsari yana sa ran abin da zai biyo baya, kuma yana riƙe abin da ya wuce.

Na huɗu, gano abin da ba a faɗa ba. Idan aka ce, “Binta ta leƙa waje, ta dawo da gudu ta kwashe shanya,” ba a ambaci hadari ba, amma mai fahimta ya san ya taso. Marubuta suna barin irin waɗannan giɓi a kusan kowane sakin layi, mai karatu ne yake cike su.

Na biyar, jin sautukan da ke cikin kalma: yaro ya gane cewa “kaza” da “kare” sun fara da sauti ɗaya, ko ya tafa hannu sau uku a kan gaɓoɓin “ta-kal-mi”. Wannan shi ne yake sauƙaƙa haɗa baƙi daga baya.

Na shida, sanin yadda littafi yake aiki. Marie Clay ta ƙasar New Zealand ce ta jawo hankali ga wannan tun a shekarun 1960: yaro ya san inda littafi yake farawa, ya san rubutu ne ake karantawa, hoto kuma rakiya yake yi, ya san boko yana tafiya daga hagu zuwa dama. Yaran da ke zuwa Islamiyya suna ganin rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, don haka yana da kyau a nuna musu da yatsa cewa kowane rubutu da hanyarsa.

Hira ita ce jarin farko

A 1995 Betty Hart da Todd Risley suka wallafa sakamakon bibiyar iyalai 42 a birnin Kansas na Amurka, inda suka riƙa naɗar maganar gida ta sa'a guda kowane wata har kusan shekara biyu da rabi. Sun ƙiyasta cewa kafin shekara huɗu, tazarar kalmomin da yaran wasu gidaje suka ji a kan na wasu za ta iya kai miliyan 30. Masana da dama sun soki wannan adadi daga baya saboda ƙarancin gidajen da aka duba, amma binciken ya buɗe ƙofar wata tambaya: shin yawan magana ne yake aiki, ko irinta?

A 2018 Rachel Romeo da abokan aikinta na jami'o'in MIT da Harvard suka nazarci yara 36 masu shekara huɗu zuwa shida. Sun gano cewa abin da ya fi alaƙa da ƙwarewar harshe, da kuma motsin sashen magana na ƙwaƙwalwa yayin sauraren labari, shi ne yawan musayar zance: babba ya faɗa, yaro ya amsa, babba ya ɗora. Maganar da ke wucewa ta kan yaro, kamar ta rediyo ko hirar manya, ba ta kai wannan tasiri ba.

A nan akwai abin dubawa a al'adarmu. Tarbiyya ta koya wa yaro ya yi shiru a gaban manya, kuma kunya ta sa wasu iyaye ba sa sakin jiki da 'ya'yansu, musamman ɗan fari. Ladabi abu ne mai kyau, ba a ce a zubar da shi ba. Abin nema shi ne a ware lokutan da yaro ya san an ba shi dama ya yi tambaya, ya ba da labari, a saurare shi har ya kai aya. Maganar da yawancin yara suke ji daga manya umarni ce: zo, tafi, bari, ajiye. Umarni ba ya neman amsa, saboda haka ba ya gina harshe.

Ɗan kasuwa da ma'aikaci ba su rasa wuraren yin wannan hira ba. A shago, ana iya nuna wa yaro bambancin atamfa da shadda da leshi, a tambaye shi wanne ya fi santsi. A cikin cunkoson hanya, ana iya tambayarsa inda yake tsammanin motar itacen can ta fito. A kicin, uwa tana iya faɗin abin da take yi: ta jiƙa, ta surfa, ta rege, ta tace. Kowace ɗaya kalma ce sabuwa da yaro yake ganin ma'anarta da idonsa.

Karatun tattaunawa

Hanyar karanta wa yara littafi da aka fi gwadawa ita ce wadda Grover Whitehurst da abokan aikinsa suka bayyana a 1988 a Jami'ar Stony Brook da ke New York. Sun koya wa iyayen yara masu shekara biyu zuwa uku su riƙa mayar da karatun littafin hotuna hira. Cikin wata guda, yaransu suka zarce takwarorinsu da aka ci gaba da karanta wa yadda aka saba, a gwajin iya bayyana magana. An maimaita gwajin a wurare da dama, har da gidajen masu ƙaramin ƙarfi.

Matakan huɗu ne: a tambayi yaro, a karɓi amsarsa, a faɗaɗa ta, sannan a sa ya maimaita. Misali, uwa da ɗiyarta mai shekara uku suna duba hoton akuya a kasuwa.

“Mene ne wannan, 'yar albarka?”
“Akuya.”
“Haka ne, jar akuya ce. Me take yi?”
“Tana ci.”
“Tana cin alayyahon mai kayan miya. Faɗi in ji.”
“Tana cin alayyaho.”
“To, me kike gani mai kayan zai yi idan ya juyo?”
“Zai kore ta, Umma!”

Tambayoyin suna hawa ne daidai da shekarun yaro. Ana farawa da “mene ne” da “ina”, a wuce zuwa “me ya faru”, sannan “don me” da “me zai biyo baya”. Akwai kuma tambayar da ke haɗa littafi da rayuwar yaro: “Ka tuna ranar da akuyar maƙwabta ta shigo mana gida?” Ba a yin tambaya a kowane layi, don kada daɗin labarin ya tafi, biyu ko uku a shafi sun isa, a karatun farko ma a bar labarin ya gudana. Idan yaro ya amsa ba daidai ba, a faɗi daidai ɗin a wuce, ban da tsawa. Idan ya nace sai an maimaita littafi ɗaya kullum, a yi masa, domin a kowane zagaye yana tsintar abin da ya wuce shi a baya. Minti goma zuwa goma sha biyar kowace rana sun fi sa'a biyu a ƙarshen mako.

Wanda bai iya karatun boko ba ma yana iya yin wannan, tunda hotunan ake tattaunawa a kansu. Kaka, yaya ko mai raino duk suna iya ɗaukar aikin, kuma uba yana da nasa kaso, ko da bayan sallar isha'i ne.

Tatsuniya da kacici-kacici

Kafin littattafan yara su zo, Bahaushe yana da makarantarsa ta dare. Tatsuniya tana ɗauke da kusan dukkan ginshiƙan da aka lissafa a sama. Tana da mabuɗi da marufi da kowa ya sani, tana da maimaici da yaro yake kamawa ya riga mai ba da labari faɗa, tana da 'yar waƙa da ake amsawa. Labarin Gizo yana tilasta wa yaro ya raba abin da Gizo ya faɗa da abin da yake nufi, wanda shi ne ainihin gano abin da ba a faɗa ba. Kuma da yake babu hoto, yaro ne yake zana komai a zuciyarsa, irin aikin da zai yi nan gaba idan ya kama littafin da babu zane.

Kacici-kacici yana koyar da siffantawa da kwatance. Salon magana mai karya harshe, da waƙoƙin raino da na gaɗa, suna wasa kunne wajen jin sautuka da amsa-amo. Ƙarin da ake bukata kaɗan ne: bayan an rufe tatsuniya, a ce wa yaro, “To, kai ma ba ni ita.” Yadda ya jero abubuwan da suka faru, da abin da ya tsallake, su za su nuna iya abin da ya fahimta.

Da wane harshe?

A biranen Arewa da Abuja ana samun gidajen da suka daina yi wa yara Hausa, da fatan su riga sa'o'insu iya Ingilishi. Niyyar mai kyau ce, amma tana da hasara idan Ingilishin iyayen bai wuce na umarni da gaisuwa ba, domin yaro zai rasa hira mai zurfi a kowane harshe. Masani Jim Cummins na Kanada ya bayyana tun 1979 cewa abin da yaro ya gina a harshensa na farko, kamar sanin tsarin labari da iya kawo dalili, yana ƙetarawa da shi zuwa harshe na biyu. Wanda ya san ma'anar “inuwa” sunan kawai zai koya a Ingilishi. Bincike kuma bai nuna cewa tashi da harshe biyu yana rikita yaro ko yana jawo masa matsalar magana ba.

A nan gida, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarabanci tsawon shekara shida, Ingilishi kuma yana matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, kuma sun yi kyau a sauran darussa.

Manufar gwamnati a kan wannan ta sha sauyawa. Tsarin Ilimi na Ƙasa, wanda aka fara fitarwa a 1977, ya tanadi koyarwa da harshen uwa ko harshen yankin a matakin share fage da farkon firamare. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince da faɗaɗa hakan zuwa shekara shida na firamare, sannan a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar da mayar da Ingilishi harshen koyarwa. Ko da wane harshe makaranta take koyarwa, shawarar masana ga gida ɗaya ce: iyaye su yi wa yaro magana da harshen da suka fi iya zuba zance da shi.

Abin da ya dace da kowane mataki

Daga haihuwa zuwa shekara ɗaya: jariri yana fara jin sauti tun a watannin ƙarshe na ciki. A yi masa magana ana kallon fuskarsa, a amsa gwarancinsa kamar zance ne, a yi masa waƙa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa a fara karanta wa yaro littafi tun yana jariri.

Shekara ɗaya zuwa biyu: a riƙa kiran sunan duk abin da ya nuna. A ba shi littafi mai kaurin shafi ya riƙe, ya juya, ko da zai kai baki.

Shekara biyu zuwa uku: lokacin fara karatun tattaunawa da gajerun tatsuniyoyi masu maimaici. Idan ya ce “mota tafi”, a amsa da “E, motar Abba ta tafi kasuwa.”

Shekara uku zuwa huɗu: lokacin “don me”. A amsa gwargwadon iko, wani lokaci a mayar masa da tambayar. A sa shi ya ba da labarin yininsa bi da bi.

Shekara huɗu zuwa shida: a ƙara tsawon labarai, a shigo da littattafan bayani kan dabbobi, jiki, sama da ƙasa. A yi wasan sautuka, a nuna masa haruffan sunansa, a karanta allunan shaguna tare. Ya faɗi labari a rubuta masa, sannan a karanta masa abin da ya faɗa, ya ga yadda magana take zama rubutu.

Waya da talabijin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019 cewa kada a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara biyu gaban waya ko talabijin, masu shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce sa'a guda a yini, in an rage ma ya fi. Ta ƙarfafa cewa lokacin zama a cike shi da karatu da ba da labari tare da babba. Dalilin a fili yake: allo ba ya jiran amsar yaro, ba ya faɗaɗa ta. Idan za a kalla, a kalla tare, a tsaya a yi tambaya. Wayar da ke hannun babba ma abin lura ce, domin ita ce take cinye lokacin hirar.

Zaɓen makarantar nazare

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, kuma bugun 2013 na Tsarin Ilimi na Ƙasa ya tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Duk da haka, a birane makarantu masu zaman kansu ne suka fi ɗaukar wannan mataki, kuma da yawa suna gasar nuna wa iyaye sakamako mai saurin gani: ɗan shekara uku yana rera haruffa, yana jero jihohi da manyan biranensu, yana dawowa da aikin gida shafi-shafi. Hadda tana da amfaninta, amma ba ita ce ma'aunin fahimta ba.

Mai neman makaranta ya nemi izinin shiga aji ya duba waɗannan: Akwai littattafan labari a inda hannun yara zai kai? Malama tana karanta musu labari kowace rana, tana tambayarsu? Ana jin muryar yara ɗaya-ɗaya, ko sai amshi baki ɗaya? Idan yaro bai gane ba, ana yi masa bayani da harshen da yake ji, ko ana hukunta shi don ya yi Hausa? Yara nawa ne a hannun malama ɗaya? Akwai lokacin wasa? A gida kuma, gwaji mafi sauƙi shi ne a ba yaro ɗan labarin da bai taɓa ji ba, a tambaye shi wa ya yi me, kuma don me.

Alamun da ke bukatar ganin likita

Yara sun bambanta wajen saurin buɗe baki, amma akwai alamun da bai kamata a jira su wuce da kansu ba: yaron da ya kai shekara ɗaya ba ya gwaranci, ba ya nuni, ba ya juyowa idan an kira sunansa, wanda ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya, wanda ya kai shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, wanda ya kai shekara uku mutanen gida ba sa gane yawancin maganarsa, da wanda ya fara magana sannan ta ɗauke. Abin da ake fara dubawa shi ne ji. Sanƙarau, ƙyanda, shawara mai tsanani a jarirai da ciwon kunne mai fitar da ruwa duk suna iya rage ji, kuma yaron da ba ya ji sosai akan ɗauke shi mai taurin kai. Abinci ma yana da hannu: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma rashin abinci mai gina jiki yana shafar girman ƙwaƙwalwa.

Inda za a samu abin karantawa

Littattafan hotuna na Hausa ba su wadata a kasuwa ba, amma akwai mafita. Shafin African Storybook, wanda wata cibiya a Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, suna da labaran yara da Hausa kyauta, ana iya sauke su a buga a takarda. Jihohin Bauchi da Sakkwato sun yi amfani da jerin littattafan Mu Karanta! a ƙananan azuzuwan firamare. Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya taska ce ga iyayen da tatsuniya ta kwanta musu, Magana Jari Ce na Abubakar Imam kuwa babba zai iya karanta labari a ciki ya sauƙaƙa wa yaro da bakinsa. Littafin Ingilishi mai hotuna ma ana iya tattauna shi da Hausa. In duk babu, a yanko hotuna daga kwalaye da tsoffin kalandu, a manna a littafin rubutu, a rubuta jimla ɗaya a ƙarƙashin kowane.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da zai zauna jarrabawar shiga sakandare yana ɗan shekara 11 ko 12, da kalmomin da ya tara tun yana goye zai karanta tambayoyin. Kuɗin makaranta da na littattafai suna da muhimmanci, amma kaso mafi girma na wannan aiki ba a sayensa: kwata guda na sa'a kowace rana, labari ɗaya, tambaya biyu ko uku, da haƙurin jiran yaro ya gama amsawa.